Himma da Ɗa'ar Aiki: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin tela ana saura mako biyu sallah, ko ya kai takarda ofis domin a sa masa hannu, ya san cewa iya aiki daban, yin sa daban. Akan sami mutum biyu da suka koyi sana'a wurin maigida ɗaya, ko suka fito makaranta ɗaya da takarda iri ɗaya, amma ɗaya jama'a na cincirindo a ƙofarsa, ɗayan kuwa ana kauce masa. Mutane sukan yanke hukunci a taƙaice, su ce wane haziƙi ne, wane kuwa rago ne. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai binciken da aka daɗe ana yi ya nuna cewa himma tana da abubuwan da ke kunna ta da waɗanda ke kashe ta, kuma da yawa daga cikinsu suna hannun wurin aiki ne.

Mece ce himma, mece ce ɗa'ar aiki?

Himma ita ce ƙarfin zuciyar da ke tura mutum ya tashi ya kama aiki, ya sa ƙarfinsa a ciki, ya kuma daure idan aikin ya yi tauri. Masana halayyar ɗan Adam sukan auna ta ta fuska uku: abin da mutum ya sa a gaba, yawan ƙarfin da ya sa, da tsawon lokacin da ya ɗauka bai sare ba. Ɗa'ar aiki kuwa ƙa'idodi ne da mutum ya ɗora wa kansa har suka zame masa jiki, kamar zuwa kan lokaci, cika alkawari, ƙarasa abin da aka fara, kula da kayan da aka ba shi amana, da faɗin gaskiya idan aiki ya lalace a hannunsa.

Ana yawan haɗa su wuri ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne. Himma tana hawa tana sauka. Rashin barci, rashin lafiyar yaro a gida, ko wata baƙar magana daga shugaba duk suna iya rage ta a yini guda. Wani lokaci kamar wutar kara take, ta tashi da ƙarfi ta mutu nan da nan. Ɗa'a ita ke riƙe aiki a ranar da himmar ba ta zo ba. Kuma himmar da ba ta da ɗa'a tana iya zama ɓarna: maginin da ke sammako yana tashi da magariba amma yana rage siminti a kwaɓi ba za a ce masa rago ba, sai dai ginin da ya bari haɗari ne ga masu shiga.

Hanya mafi sauƙi ta gane ɗa'ar aiki ita ce a duba wurin da ido ba ya kaiwa: cikin riga inda aka haɗa ɗinki, tushen gini da aka rufe da ƙasa, ƙusar da bakanike ya ɗaure a ƙarƙashin mota, fayil ɗin talakan da ba shi da kowa a ofis. Wanda ke gyara aiki sai in maigida na tsaye a kansa, aikin ganin ido yake yi, kuma kowane wurin aiki ya san irinsa.

Inda suke samo asali

Wani ɓangare na abin hali ne. A shekarar 1991 wasu masana biyu a Amurka, Murray Barrick da Michael Mount, sun haɗa sakamakon bincike fiye da ɗari a kan dangantakar hali da ƙwazon aiki. Sun gano cewa a cikin manyan halayen ɗan Adam guda biyar da masana ke aunawa, halin kula da nauyi da tsara al'amura shi ne yake tafiya da kyawun aiki a kowane rukunin sana'a da suka duba, daga 'yan sanda har manajoji da masu tallar kaya. Wannan hali ba a daskare yake ba. Bincike ya nuna yana ƙaruwa yayin da mutum yake girma, musamman bayan ya kama aiki ya ɗauki nauyin iyali.

Wani ɓangaren kuma tarbiyya ce. Tsarin koyon sana'a na gargajiya ya fahimci haka tun da daɗewa. Yaron da aka kai maƙera yakan daɗe yana zuga da ɗebo gawayi kafin a bar shi ya riƙe guduma, na tela kuma yakan fara da shara da guga da sa maɓalli. Wannan lokacin ba na koyon fasaha ba ne sosai. Ana duba ko zai zo da wuri, ko zai dawo da canji daidai, ko zai yi abin da aka sa shi ba tare da an maimaita ba.

Sai kuma addini da al'ada. Masanin zamantakewa na Jamus, Max Weber, ya wallafa wani shahararren nazari a 1904 da 1905 inda ya danganta bunƙasar jari-hujja a arewacin Turai da koyarwar wasu ɗariƙun Furotesta, musamman mabiya Calvin, waɗanda suka ɗauki sana'ar mutum a matsayin kira daga Allah, suka kuma ƙi almubazzaranci. An yi ta jayayya da shi tun daga lokacin, kuma bunƙasar Japan da Koriya ta Kudu ta nuna cewa ɗa'ar aiki ba gadon wani addini guda ba ce. A fiƙihun Musulunci akwai babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, wanda ya ɗora nauyi a kan ɓangarori biyu: ma'aikaci ya ba da aikin da aka yi yarjejeniya a kai, mai aiki kuma ya biya ba tare da jan rai ba. Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, ta ƙara da cewa masu sana'a irin su tela da marini da masaƙi suna lamunin kayan mutane da suka ɓace ko suka lalace a hannunsu. Manufar ita ce kare jama'ar da ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga mai sana'a.

Yadda himma take aiki

Tsarin gandu misali ne mai kyau. A wannan tsari 'ya'ya maza, har da masu aure, suna noma gonar mahaifinsu tun safe har wajen azahar. Shi kuma mai gandu yana ciyar da su, a da yakan biya musu haraji, yana ɗaukar nauyin aurensu, sannan yana yanka wa kowa gayauna, wato 'yar gonarsa ta kansa da zai noma da yamma ya yi yadda ya ga dama da amfaninta. Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta yi bayanin tsarin dalla-dalla a littafin da ta wallafa a 1972 a kan Batagarawa kusa da Katsina. Abin lura shi ne mutumin da ya wuni a gandu ya gaji, shi ne dai yake ɗaukar fartanya da la'asar ya nufi gayaunarsa ba wanda ya aike shi. Kuma gandu yakan watse idan mai gandu ya kasa sauke nauyinsa, ko kuwa bayan rasuwar uba, lokacin da ƙanne suka ga ba su da dalilin yi wa wansu aiki.

Abin da manoma suka gane a aikace shi wasu masana biyu na Jami'ar Rochester, Edward Deci da Richard Ryan, suka tsara a matsayin nazari, suka fitar da shi a littafi a 1985. Sun raba himma gida biyu. Akwai wadda ke zuwa daga waje, saboda albashi ko tsoron kora ko neman yabo, akwai kuma wadda ke tasowa daga ciki, saboda mutum yana jin daɗin aikin ko ya yarda da amfaninsa. Ta cikin ita ta fi daɗewa, kuma a cewarsu tana buƙatar abu uku: mutum ya ji yana da ta cewa a yadda yake aikinsa, ya ji yana ƙara ƙwarewa, ya kuma ji yana da alaƙa da mutanen da yake aiki da su ko dominsu.

Na ukun ya fi yadda ake zato ƙarfi. Adam Grant ya yi wani gwaji da aka wallafa a 2007 a kan masu buga waya suna neman gudummawa ga wata jami'a a Amurka, aikin da ya ƙunshi shan wulaƙanci daga safe zuwa yamma. An haɗa wasu daga cikinsu na 'yan mintoci da wani ɗalibi da kuɗin da suke tarawa ya biya masa karatu. Bayan wata guda, kuɗin da waɗannan suke tarawa ya ninka fiye da sau biyu, alhali waɗanda ba su gana da ɗalibin ba suna nan yadda suke. Ba a ƙara musu ko sisi a albashi ba. Akawun da ke lissafin fansho, da ya riƙa ganin fuskar tsohon da ke jiran kuɗin, mai yiwuwa fayil ba zai kwana a teburinsa ba.

Akwai kuma batun buri. Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru suna gwada wannan, kuma sakamakon bai cika sauyawa ba: mutum ya fi yin aiki idan aka ba shi abin da zai cimma ƙarara, mai ɗan wuya amma mai yiwuwa, fiye da idan aka ce masa kawai ya yi iya ƙoƙarinsa. Sharaɗin shi ne ya yarda da burin, kuma ya riƙa sanin inda ya kai. Wannan ma'aikaci zai iya yi wa kansa. "Zan gama riguna huɗu kafin la'asar" ya fi "yau zan dage" tasiri, don na farkon ana iya duba shi da yamma a ga ko an cika.

Matsayin kuɗi

Kowane manomi ya san bambancin ɗan ƙwadagon da aka ɗauka na yini da wanda aka yi jinga da shi. Na yini ba ya gaggawa, na jinga kuwa sai an bi bayansa, don yana iya binne ciyawa maimakon ya nome ta. Haka abin yake a manyan kamfanoni. Masanin tattalin arziki Edward Lazear ya yi nazarin kamfanin Safelite na Amurka, mai sa gilashin mota, bayan ya daina biyan ma'aikata bisa sa'o'i ya koma biya bisa yawan gilashin da mutum ya sa. A sakamakon da ya wallafa a 2000, yawan aikin kowane ma'aikaci ya ƙaru da kashi 44 cikin 100. Kusan rabin ƙarin daga tsofaffin ma'aikata ne da suka ƙara sauri, sauran kuma saboda masu sanyin jiki sun tafi, haziƙai sun shigo. Abin ya yi nasara ne domin sa gilashi aiki ne mai sauƙin ƙirgawa, kuma idan ya yi yoyo an san hannun da ya sa shi.

Inda aiki ba ya ƙirguwa haka, tura mutane da lamba yana haifar da ha'inci. A 2016 hukumomin Amurka sun ci tarar bankin Wells Fargo dala miliyan 185 bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe wa abokan hulɗa asusu kimanin miliyan biyu ba da saninsu ba, domin su cika adadin da aka ɗora musu. Bankin ya kori ma'aikata kusan 5,300 a kan lamarin. Waɗannan mutane ba himma suka rasa ba. An nuna musu cewa lamba kaɗai ake kallo, su kuma suka kawo lamba.

Frederick Herzberg ya yi wani bayani a 1959 da har yanzu yake da amfani, ko da yake an soki hanyar da ya bi wajen bincikensa. Bayan hira da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh, ya ce abubuwan da ke sa ma'aikaci ƙorafi daban suke da waɗanda ke sa shi ƙwazo. Ƙarancin albashi, mugun shugaba da lalataccen wurin aiki suna kawo ƙorafi, gyara su kuma yana kashe ƙorafin. Ƙwazo kuwa yana zuwa ne daga aikin kansa, daga ba mutum nauyi da yaba masa da ba shi hanyar ci gaba. Sai dai a kula: mutanen da ya yi hira da su albashinsu yana isar su. Ga wanda albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata, maganar kuɗi ita ce kan gaba, don shi hankalinsa yana kan inda zai samo cefanen gobe.

Abin da ke kashe himma

Babban makashin himma shi ne ganin rashin adalci. J. Stacy Adams ya bayyana a 1963 cewa ma'aikaci yana auna abin da ya bayar da abin da ya samu, sannan ya kwatanta da na abokin aikinsa. In ya ga ma'aunin ya karkata, zai daidaita shi da kansa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya rage aiki. Idan wanda ba ya zuwa sai ranar albashi ya samu ƙarin girma saboda yana da uwa a gindin murhu, an koya wa duk ofishin darasi guda. Daga nan ake fara jin "ai ba gonar ubana ba ce".

Najeriya ta gwada gyara ɗa'ar aiki daga sama sau da yawa. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 bisa zargin cin hanci, lalaci ko tsufa. Mutane sun yi murna, amma masu nazari da yawa suna ganin matakin ya bar tabo, domin ma'aikacin da ya ga ana iya korarsa ta rediyo ba tare da an saurare shi ba sai ya fara tanadin gobe ta kowace hanya. A Maris 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin yaƙi da rashin ɗa'a, wanda aka fi sani da WAI, inda har tsallen kwaɗo aka riƙa sa masu makara. Mutane sun riƙa zuwa kan lokaci, kuma da aka kifar da gwamnatin a 1985 abin ya fara komawa gidan jiya. A 2004 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa SERVICOM, ofishin da ke sa ma'aikatu su bayyana wa jama'a irin hidimar da za su yi musu da kuma inda za a kai ƙorafi. Tsoro yana iya kawo mutum ofis ƙarfe takwas, amma abin da zai yi daga nan zuwa ƙarfe huɗu wani batu ne daban. Kuma gwamnatin da ke riƙe albashi wata da watanni, kamar yadda jihohi da dama suka yi a 2015 har sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki, ita ta fara karya yarjejeniyar.

Abin da ma'aikaci ke samu

Ribar ɗa'ar aiki ba ta cika zuwa a watan da aka yi ta ba, shi ya sa matasa da yawa suke ganin wahalar banza ce. Tana taruwa ne a matsayin yarda, ita kuwa yarda a kasuwa jari ce. Abner Cohen, a nazarin da ya wallafa a 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu tsakanin Arewa da Kudu yake gudana a kan bashi, ba takarda ba banki. Mai shanu yana sauka wurin maigida, maigida ya tsaya wa mahaucin da ya ɗauki shanun, kuma duk wanda ya saɓa alkawari labarinsa ya riga shi isa kasuwa. Har yau haka yaron shago yake zama mai shago a Kantin Kwari ko Singa: bayan shekaru maigida ya sallame shi da jalli, ko ya riƙa ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi. A aikin albashi ma, wanda aka san zai gama abin da aka ba shi ana rage sa masa ido, wannan sakin mara kuma yana cikin abubuwan da ke ƙara himma.

Iyakar jiki

Yawan sa'o'i ba shi ne ma'aunin ƙwazo ba. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 1919 ta kayyade aikin masana'antu a sa'o'i 8 a rana da 48 a mako, kuma a 1926 Henry Ford ya mayar da masana'antarsa ta motoci aikin kwana biyar a mako. John Pencavel na Jami'ar Stanford ya sake duba alƙaluman masana'antun makamai na Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ba wanda zai ce ma'aikatan ba su da himma. Ya gano cewa aiki yana ƙaruwa daidai da sa'o'i har zuwa wajen 49 a mako, daga nan ƙarin ya fara ja da baya, har ta kai abin da ake samu a sa'o'i 70 bai wuce na 56 da wani abin kirki ba. A yau ma'aikaci a Meziko yana aiki fiye da sa'o'i 2,100 a shekara, na Jamus kuwa bai kai 1,400 ba, amma abin da Bajamushe ke samarwa a sa'a guda ya ninka na Meziko fiye da sau biyu. Injuna da ilimi da tsari ne suka kawo wannan tazara.

Jiki kuma yana biyan kuɗin. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa mutum 745,000 sun mutu a 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako. Idan aka kwatanta da mai aikin sa'o'i 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Japan, inda ake kiran mutuwa saboda yawan aiki karoshi, ta yi doka a 2018 da ta sa iyakar aikin bayan lokacin tashi a sa'o'i 45 a wata da 360 a shekara, in ba a wani yanayi na musamman ba.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wani yanayi da ke samun ma'aikaci idan matsin aiki ya daɗe ba a magance shi ba. Ba ta lissafa shi a matsayin cuta ba, ta dai ba shi alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita daga ran mutum har ya riƙa kallonsa da ƙyama ko ba'a, da raguwar iya aikin. Daga waje alama ta biyu tana kama da lalaci, shi ya sa shugabanni sukan tare ta da takardar gargaɗi. Kafin a rubuta takardar, yana da kyau a duba yadda mutumin yake aiki shekara biyu da suka wuce, da yawan aikin da aka riƙa tura masa saboda an san ba ya cewa a'a.